Yatsan Da Ke Nuna Abin Da Aka Goge

Ƙarfe biyu saura na dare a Jos,
sanyin Rayfield ya ratso ƙasan ƙofa,
ya shige safa, ya zauna a yatsu.
Dalyop na tsaye bayana, hannu a ka:
"Anti Kyauta, na goge ta."

Manhajar lissafin magunguna ce,
wadda wani ya rubuta tun ba a ɗauke mu aiki ba,
ya tafi Fatakwal da asalinta a aljihu.
Babu ita a faifai. Babu a kwandon shara.
Amma fanka na ta huci,
lambobi na ta sauka a allo
kamar ba a kai musu labarin rasuwa ba.

Na ce, zauna.
Ko tari kada ka yi kusa da wayar wuta.

Akwai wata kasuwa a cikin na'ura
wadda ba a kafa ta da bulo ko langa-langa ba.
Ƙwayar na'ura, mai raba wa kowa lokaci da mazauni,
takan ba duk aiki mai numfashi lamba,
da rumfa mai wannan lamba,
a rumfar kuma da manuni, yatsa guda,
mai cewa: daga can na fito.
Ba a ajiye amsar ko'ina ba.
Sai ka tambaya take toya ta da zafinta,
kamar mai masa a bakin Taminus,
kuma ba kowa take miƙa wa ba,
sai mai aikin, ko mai babban makulli.
Har da wata rumfa wadda duk ya leƙa
kansa zai gani,
kamar ruwan tsohon ramin kuza.

Namu shi ne dubu huɗu da sha bakwai.
Na tambayi yatsan.
Ya jero mini adireshi tsaf,
a wutsiyarsa ya maƙala: an goge.

Dalyop ya ce, shi ke nan.
Na ce, da sauran magana.
Manuni gama-gari takardar kwatance ce,
ka bi ta, ka tarar da kango, ka dawo da ƙura a ƙafa.
Wannan kuwa ƙwaya ba suna take bi ba,
wuyan hannun abin ta riƙe.
An cire allon ƙofa, i,
amma muddin aikin bai ja numfashin ƙarshe ba
ɗakin na nan da kayansa.

Sai kakata Tabawa ta faɗo mini.
An rushe gidansu na Gangare ina 'yar aji uku,
amma ka ce mata, Iya, ina gida?
yatsa ya miƙe kafin baki,
ta bi da kai ta zaure, ta gefen rijiya,
har gindin gwaibar da ke zubar wa maƙwabta.
Ranar da ta cika, hannun ya naɗe.
Mai facin taya ke da lambar gidan yanzu.

Inbata ta fara kuka.
Batir saura ɗigo ɗaya, ja.
Na zura hannu ta cikin manunin,
na ce, kwafo.
Ashirin. Sittin da uku.
Dalyop na addu'a da Birom, ni da abin da ya zo bakina.
Ɗari.

Wuta ta ɗauke.
Fanka ta yi shiru, kasuwa ta watse,
gobe a ba wani aikin dubu huɗu da sha bakwai
bai san wa ya riga shi zama ba.

Muka sha shayin da ya rage a filas, ya huce.
Yaron na dariya har da hawaye.
Ni kuwa a duhun nan ina ta ƙoƙarin tuno
ko rijiyar dama take da zaure, ko hagu.
Shekara sha tara yatsan na miƙe a gabana,
ban taɓa cewa kwafo ba.