Sawun Damisa a Yankari

Na bar Alƙaleri da asuba
da kyamarar aro, da gurasa biyu a leda.
A ƙofar Mainamaji Baba Jatau ya dube ni:
"Damisa ka zo nema? Ai ita ta riga ta gan ka."

Kwana uku mota tana tari a bakin Gaji.
Giwaye bakwai suna karya marke,
gwanki ya tsaya kamar mai jiran canji,
gwaggon biri ya wafce gurasata,
yana ci yana harara ta,
ni baƙon da bai yi sallama ba.

Damisa kuwa, shiru.

Ranar ƙarshe Jatau ya durƙusa,
ya ɗora tafinsa gefen wani sawu:
yatsu huɗu, babu farce,
ruwa bai gama cika shi ba.
"Yanzun nan," ya ce, can ƙasan maƙoshi.
Tsigar jikina ta tashi.
Ciyawa ta motsa. Ko iska ce, oho.

Da dare na nutse a Wikki har wuya.
A gida za su ce, ina hoton?
Zan nuna musu rami a laka,
da hannun tsoho yana rawa a gefensa.