Wankin Faifai a Valparaíso

Da Nibaldo ya rasu, bai bar mini gona ba,
faifan garmaho ɗari uku da sha ɗaya ya bari
cikin akwatunan lemo, ƙarƙashin taga,
inda iskar teku ke shigowa da gishirinta
kullum, ba sallama, ba gajiyawa.

Shekara biyu ban taɓa su ba.
Ranar da na zaro ɗaya, fumfuna ta yi masa furfura.
Allura ta hau, sai ƙaraf-ƙaraf,
kamar ana suyar kifi a bayan mawaƙiya.
Na kashe. Shayina ya huce ina zaune, ba motsawa.

Na gangara kantin Don Eleuterio,
matakala ɗari da ashirin, gwiwa ce ta ƙirga.
Ya jera mini inji uku a kan teburi.
Na farko mai zuƙe ruwa ne. Da ya kunna shi
ya yi ruri, har kyanwar kanti ta haye kabad.
Na ce, maƙwabciyata Fresia aikin dare take a asibiti,
barcinta na rana ba nawa ba ne, balle in ce zan sayar.

Na biyu, in ji shi, da sauti yake wanki,
sautin da kunnen ɗan Adam ba ya kamawa,
kumfa 'yan mitsi-mitsi su kutsa kowane lungu.
Na tambayi kuɗi. Ya faɗa yana kallon ƙasa.
Fanshona na wata huɗu!
Na ce, daidai ruwa daidai tsaki,
mu ga na ƙarshen can, wanda kake ɓoyewa.

Shi ba waya, ba maɓalli.
Ɗan kwami ne, da burushi biyu suna kallon juna,
faifai ya tsaya a tsakaninsu,
hannunki ne injin, ke ce mai juyawa.
Ya ɗaure mini shi da igiya, yana ja mini kunne:
tataccen ruwa kaɗai, ban da na famfo,
ɗigo uku na ruwan sabulu, kada ki yi alheri da shi,
takardar tsakiya kuma, ita da ruwa ba sa ga maciji.

Ran Asabar na shimfiɗa tawul a teburin girki.
Juyi uku dama, juyi uku hagu.
Kafin faifai na goma ruwa ya koma kamar romon wake:
hayaƙin tabarsa, maiƙon yatsunsa,
garin silin da ya zubo daren da ƙasa ta girgiza.
Na daɗe riƙe da kwamin bakin magudana
kafin na iya zubarwa.

Na jera su a mazubin kwanuka, suka sha iska.
Da yamma na ɗora guda.
Shiru tukuna, shiru mai tsabta.
Sai na ji abin da ban taɓa ji ba:
matar tana jan numfashi kafin ta buɗe baki,
yatsan mai jita yana zamewa a kan tsirkiya.
Ashe shekaru arba'in suna nan, datti na rufewa.

Amma a waƙa ta uku allura ta yi tsalle.
Nan ɗin dai. Inda ta saba.
Daren baikon 'yarmu Ximena ne,
Nibaldo na rawa da hankici, ya bangaji teburi,
ya ce laifin teburin ne.

Na sake wankewa, sau biyu. Tana nan.
Na kira Don Eleuterio, ya ce,
inji na cire datti, uwargida, ba ya ɗinke rauni,
ki yi haƙuri.
Na ce, haƙurin me? Ai da ya goge wannan
da gobe ka gan ni da injinka a ka, ina dawowa.

Saura ɗari biyu da casa'in da tara.
Goma sha biyu duk Asabar, in kafaɗa ta yarda.
Fresia ta ce in riƙa buɗe taga bayan la'asar,
lokacin da take tashi.