Wuyan Ƙarfe

Tun kafin ladan ya gyara murya na isa Dadin Kowa,
na kafa ƙafafu uku a taɓo kamar mai haɗa murhu.
Zalɓe na tsaye cikin ruwa iya gwiwa,
ni ma ina tsaye, sauro na karɓar haraji a idon sawuna.
Awa biyu muna gasar haƙuri.
Da ya saki baki ya cafko karfasa, na danna,
sai kan da ke riƙe da kyamara ya sunkuya
kamar ɗalibin da barci ya sace a aji.
Na koma gida da hoton laka
da ƙafar tsuntsu ɗaya, ita ma rabi.

Ashe ba ƙafa ke zubar da tulu ba, wuya ne.

Ran Laraba na shiga shagon Gidado,
bayan layin masu gyaran waya a babbar kasuwar Gombe.
Ya aika a kawo shayi, ya zube mini uku a kan gilashi.

Na farko sabo dal, sai ƙyalli,
dunƙulen cikinsa bai kai ƙwallon goruba ba.
An rubuta a kwali wai yana ɗaukar kilo goma sha biyu.
Na ce, Gidado, takarda ba ta ƙin tawada.
Na aza masa dogon idon kyamarata,
na saita kan kalandar bango, daidai watan Janairu,
na murɗa kunne, na ɗaure tam, na cire hannu.
Kafin shayi ya iso
mun gangaro Oktoba.

Na biyu ƙato ne, kuɗinsa kuɗin ragon layya.
In ka ɗaure, ko guduma ba ta motsa shi,
in ka sassauta kaɗan, ya sakar maka kayanka gaba ɗaya.
Bai san tsakiya ba.
Na tuna nisan tasha zuwa bakin ruwa,
kafaɗata ta ce ba da ita ba.

Na uku sai da Gidado ya hure masa ƙura.
Fenti ya kwaile, babban yatsan wani ya cinye kunnen har ya yi sulɓi,
a gindi an karta suna da ƙusa: Yila.
Wai na wani dattijo ne a Kaltungo,
shekara ashirin yana ɗaukar bukukuwa da gonakin gyaɗa
har ido ya ce ya isa.
Faranti ya shiga gurbinsa, ƙas, ba wasa.
Ga wani ɗan ƙaramin kunne a gefe,
na taɓa shi, sai wuya ya bi hannuna a hankali
kamar ludayi cikin kunu mai kauri.
Na tsaya, ya tsaya.
Na kwantar da shi ta tsagar gefe, ya kwanta bai yi ƙorafi ba.
Na mai da shi Janairu.
Muka shanye shayi, muka zagi masu ɗauke wuta,
muka je la'asar muka dawo,
shekara ba ta motsa ba.

Na taya, ya ce albarka.
Na ƙara dubu biyu, ya dubi rufi.
Na fara saɓa jaka, ya ce kawo, don dattijon ne.

Jiya na koma bakin ruwa.
Zalɓe bai zo ba, shi bai yi alkawari da kowa ba.
Sai wani masunci a kwalekwale yana ɗinke koma,
zare a haƙori, rana na hudowa ta ramukan raga.
Na juya wuyan Yila, ya juya, na ɗaure, ya riƙe.
Na kai yatsa zan danna,
a nan na ga abin da ya rage yana rawa:
hannuna ne,
shi kuwa Gidado ba ya sayar da irinsa.