Ido Ɗaya a Kan Sanda

Takarda ta zo mini ran Talata
da tambarin kamfani da hoton motata:
wai na shiga filin ajiye motoci na Adum
ƙarfe shida na safe,
ban fito ba sai da aka kira magariba.
Sa'a goma sha biyu. Sidi ɗari huɗu.

Ni Mutawakilu mai rabon burodi,
ranar da motata ta kwanta haka
ba a ɗora tukunya a gidana.

Na sauke wa Anti Akosuwa tire uku,
na bi bayan tirelar siminti na fita,
ta rufe ni ruf,
idon da ke kan sanda bai gan ni ba.
Da yamma na dawo karɓar ciniki
ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Shigata ta ɓace masa, fitata ya cafke,
ya ɗinke safiya da dare
kamar tela a jajiberin salla,
ya bar tsakiyar yini a ƙasa cikin ƙyallaye.

A ofishinsu, hawa na biyu,
yarinya a bayan gilashi ta ce,
"Baba, na'ura ba ta ƙarya."
Na ce, "'Yata, mai gyangyaɗi ma ba ya ƙarya,
amma ba a sa shi ƙirgar awaki."
Ta danne dariya. Ta miƙo fom.

Na lissafa mata shaiduna:
mai koko ta Aboabo,
mai faci na Asawase da ya cire mini ƙusa da hantsi,
ladanin da na rage wa hanya.
Ta ce baki ba hujja ba ne,
hoto ya kama ni, hoto zai sake ni.

Kwana uku tuwo ba ya wuce mini.
Barikisu ce ta ajiye ludayi ta ce,
"Tsaya, ba ranar sunan jikar Fuseini ba ce?"
Ta buɗe waya:
mata tara sun jeru cikin anko,
kowa ta gyara ɗauri,
can bayan kafaɗar Hajiya Salamatu
ga gindin motata ya leƙo ba gayyata,
ga lamba, ga fitilar da na ɗaure da waya,
ƙarfe ɗaya da kwata.

Sun soke. Ba wanda ya ce yi haƙuri.
Yini biyu na kashe a kan benci,
burodin Kejetiya ya kwana ya bushe.
Da na lissafa, ya haura ɗari huɗun.

Yanzu in zan fita sai na taka birki,
in sauke gilashi, in ɗaga masa hannu.
Na baya suna ta hon.
Ku yi haƙuri, jama'a,
sallama nake da mai gida,
kada gobe ya ce a nan na kwana.