Takarda Biyu, Danfo Ɗaya

Ni na koyar da Zinatu a gida,
a bene na biyu, Agege, bayan layin dogo,
inda jirgi ke girgiza mana kofuna da asuba.
Allonmu ƙofar mataccen firji,
allinmu gawayin Iya Risi mai ƙosai.
Da ƙwayar wake muka yi lissafi,
dare ya yi muka dafa amsar muka ci.

Na rantse ba ta shiga ajin mutum tamanin,
inda malami ɗaya ke ihu har murya ta dishe,
inda in damina ta sauka
benci ke iyo kamar kwalekwalen Makoko.

Sabitu kuwa, ɗan ƙanwata, can aka kai shi.
Takalmi ya wage baki,
littafi ɗaya su uku,
ya dawo da tawada a kunne, Yarbanci a harshe.
Ina hango shi ta taga ina taɓe baki.
Allah ya yafe mini, har daɗi nake ji.

Ran da sakamako ya fito mu uku muka je.
Zinatu ta ba shi ratar maki talatin da bakwai.
Na ninke takardarta na adana a jaka,
shi ya cusa tasa cikin aljihu da ɓawon gyaɗa.
Ban ce uffan ba.
Takuna ne ya yi maganar.

Sai danfo ta mace mana a Oshodi.
Ruwa ya kece, kwandasta ya sulale da canjinmu,
wayata ta ɗauke.
Zinatu, mai zana taswirar Afirka da ka,
ta damƙe gefen mayafina, hannu na rawa,
ta kasa tambayar ko da mai lemo hanya.

Sabitu ya kutsa cikin turereniya.
Can na jiyo muryarsa, rabi Yarbanci rabi broka.
Ya dawo da canjinmu cif,
da wani ɗan ajinsu riƙe da laima
wanda yayansa ke jan mota zuwa Agege.
Ya zaunar da mu, shi ya maƙale a ƙofa,
ruwa na dukan bayansa
har takardar aljihu ta dame ta zama kunu.

A gida na zaro tata, ko ɗigo bai taɓa ta ba.
Talatin da bakwai na nan daram,
kuma ba na jin kunyarsu:
guminmu ne, ni da ita da wake.

Amma bayan isha na jiyo su a baranda.
Ta gama nuna masa dogon rabawa,
shi yana koya mata tsai da direba.
Ta ce, "Owa," kamar mai roƙon gishiri.
Ya ce, "Wallahi sai ya kai ki Sango."
Ta sake.
Ta kuma sakewa,
har Iya Risi ta ɗago kai daga bakin kasko
tana tambayar wa zai sauka.