Tsatsar Minti Huɗu

Shekara arba'in Baba Ɗan-Ila na gaba da tsatsa.
A maƙerarsa ta Bagalam,
in ta hau hauya ya kankare,
in ta ci lauje ya tofar da yawu ya ce, ɓarauniya.
Ga ɗiyarsa yau a labo, sanye da farar riga,
tsatsa nake yi, kuma biyana ake.

Murhuna ba gawayi, ba zugazugi.
Mikro-ond ne na hannu, daga Kwatano ya zo,
ƙofarsa sai an danna da gwiwa.
Har yanzu in ya yi zafi
yana tuno miyar wata mata da ban sani ba.

Gishirin ƙarfe cokali guda,
ruwan zogalen Jiratawa da na tace da asuba,
in rufe, in murɗa, in yi bismilla.
Faranti ya fara kewaya
kamar raƙumin ban-ruwa a bakin rijiya.

Wutar Baba daga waje take sallama,
ta lashi baya, ta jira, ta lallashi ciki.
Tawa ba ta sallama.
Tsakiyar ruwa take faɗawa,
ta kama kowane ɗigo ta girgiza shi a inda yake,
duk su yi zafi lokaci guda,
ba babba, ba ƙarami, ba wanda ya riga wani girma.
Shi ya sa 'ya'yan ke fita kai ɗaya.

Jiya a minti na uku kuran ya tafi.
Ma'azu mai gadi ya leƙo ta taga yana dariya:
Malama Barira, tuwon ya nuna?
Na zubar. Na wanke kwalba. Na rubuta a littafi:
karo na goma sha bakwai, duhu.

Yau ya cika huɗu.
Ruwan da ya shiga kalar shayi
ya fito baƙi wuluk kamar an dama kwalli.
An ce in ka tsaga gashin kai gida dubu
ka sake tsaga ɗaya, to ka kusa.
Ban gan su ba. Injin gani yana wata ƙasa,
hoto sai bayan wata biyu, in masinja bai manta ba.
Na dai yarda da su yadda ake yarda da gishiri a miya.

Da la'asar na kai wa Baba a kwalbar turare.
Idonsa ya yi hazo, hannunsa bai yi ba.
Na zuba cikin ruwan marinar Inna Tabawa,
shuɗin nan da ke kwarara kwata har Gulbi,
na sa maganaɗisu a jikin gilashi.
Baƙin ya taso, ya yi ayari,
ya manne gefe ɗaya da shuni a goye,
ruwa ya washe har ana ganin zanen tafinsa.

Na janye maganaɗisun.
Suka watse, kowa ya kama gabansa,
ba wanda ya riƙe wani.
Ya ce, sake. Na sake.
Ya ce, ƙarfe ne, amma ba shi da riƙo.
Ya yi shiru har ladan ya gama.

Sannan ya ce, wa ya hura miki?
Na ce, babu.
Wa ya riƙe awartaki?
Babu, Baba.
Ya juya kwalbar kusa da kunne
kamar zai ji amon uwar maƙera a ciki.
To wannan ƙira, ina gajiyarta?

Ban ba shi amsa ba.
Na miƙa masa hannuna, ya shafa:
ƙunar karo na shida tana nan a yatsa,
ba ta gama warkewa ba.
Ya sa kwalbar a aljihun da yake ajiye goro.