Ina Jin Ka, Oba

Shekara ashirin da biyu ina goye da muryoyin mutane,
akwatin ƙarfe mai dogon tsinke, ya fi buhun masara nauyi.
A Labanon na kwana rungume da shi,
a dajin Laberiya na lulluɓe shi da rigata,
ni in jiƙe, shi kada ya yi tari.
Ranar da na bar Barikin Burma suka karɓe shi,
suka ba ni takarda da agogon bango
wanda har yau yake makara da minti bakwai.

Na dawo Nima, ɗakin mahaifina a bayan babbar kwata.
Wata uku ina shan koko ina ƙirga motocin haya.
Hajiya Lantana mai shinkafa da wake ta ce,
Saje Mumuni, benci zai cinye ka.

Sai na goge takalmi na tafi kamfanin waya,
bene mai sanyi kamar cikin firij.
Yarinyar da ta karɓi takarduna ba ta kai 'yata Zuwera ba.
Ta ce, Baba, me ka iya?
Na ce na iya sa mutum biyu su ji juna
alhali dutse na tsakaninsu, ana ruwa, ana harbi,
batir kuma saura numfashi ɗaya.
Ta duba kwamfuta, ta ce babu gurbin wannan a fom.
Akwai hawan turken sabis.
Na tambayi gwiwoyina, suka ce ban da su.
Akwai gadi.
Kowa ya ga tsohon soja, ƙofa yake hango masa.

A lungun masu gyaran waya na samu rabin tebur.
Kwabena, ɗan shekara sha tara, ya koya mini ɓare gilashi da zare,
ni na koya masa jin ƙamshin dalma kafin ta ƙone.
Na gyara lasifikar masallacinmu,
ladan Gariba ya daina kiran salla daga cikin rijiya.
Ladan aikina goro biyu da doguwar addu'a.
Na kafa kyamara a shagon wani mai atamfa,
ya kama ɓarawo, ashe ƙaninsa ne, ya daina gaishe ni.

Ran wata Talata, ranar da masunta ba sa shiga teku,
wata mata ta zo da waya mai warin hayaƙin kifi.
Akwele sunanta, daga Cokko.
Na ce wayarki lafiya lau take.
Ta ce ta sani. Teku ce ba lafiya:
inda sabis ya ƙare, nan kifi yake farawa,
mijinta kuma kifi yake bi.

Daren nan ban yi barci ba.
Na zana a bayan kalanda, na sayar da babur,
na yi sintirin ofisoshi har lasisi ya fito.
Kwalekwale tara na sa wa oba-oba, kowane cikin robar fenti saboda gishiri,
na ɗaure eriya a kan gora bisa rumfar masu banda.

Yanzu ofishina kujerar roba ce a bakin ruwa.
Ana biya na da sidi, wani lokaci da kifi.

Jiya hadari ya taso ƙarfe biyu na dare.
Takwas suka amsa. Na tara shiru.
Akwele tana tsaye a bayana, ta riƙe kafaɗata har ta yi tsami.
Na murɗa a hankali, kamar mai lallashin jinjiri.
Shuuu. Shuuu. Sai ƙarar inji, sai tari,
sai wata murya tana zagin ruwa da harshen Ga.

Ban iya Ga sosai ba.
Na danna maɓalli, na ce, ina jin ka, oba,
na miƙa mata,
na tashi neman shayi.